Wayar Mai Citta da Diflomar Ƙanwata

Ni mai gyaran rediyo ne da talabijin. A aji huɗu na bar firamare, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Wani Ibo da ya bar aikin reluwe ne ya koya mini sana'a, na buɗe rumfar kaina a 1987, a gefen hanyar da ke gangarawa daga kasuwa zuwa tashar jirgin ƙasa. Shekarar ba ta yi wa Kafanchan daɗi ba, amma ba ita ta sa na ɗauki biro ba. Maganar ƙanwata zan yi, da aikin kwamfuta da ta nema a garinmu, da yadda wata waya ta shiga tsakani.

Ita ce autar gidanmu. Babanmu ya rasu tana rarrafe, saboda haka ni ne uban. Da ta gama sakandare kowa ya ce a kai ta aikin jinya ko malanta, ni kuwa na ce kwamfuta. Ba don na san mece ce kwamfuta ba. Na dai ga yadda cikin rediyo ke canzawa a hannuna. Da can in ka buɗe za ka ga komai a fili, wannan yana tara wuta, wancan yana rage ta. Daga baya sai wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu kamar kyankyaso, wanda muke kira ayisi, ya haɗiye aikin gaba ɗaya, kai kuma ba ka ganin abin da ke cikinsa. Na ce duniya can ta nufa, gara wani a gidanmu ya riga ta isa. Na tura ta Kaduna, ta zauna wajen gwaggonmu, ta dawo da difloma.

Ta dawo ta zauna. In ka cire banki, ban san inda ake da kwamfuta a Kafanchan ba a lokacin. Damina ta wuce, wata ta zo, yarinya tana gida tana taya Innarmu soya gyaɗa da ƙulla mai. Inna kuwa ciwon gwiwa ya fara zaunar da ita, kuma Auta kaɗai ta rage mata a gida. Ita ke ɗebo ruwa, ita ke shafa mata magani, ita ke sauraren mitarta. Gwaggo kuma ba ta daina aiko da saƙo daga Kaduna ba, wai akwai wani gidan buga takardu da ke neman mai kwamfuta, a bar yarinya ta dawo. Inna ba ta so. Ni ma ba na so. Amma ba za ka ce wa mai difloma ta ƙare a bakin kaskon gyaɗa ba. Magana ɗaya ce: ko ta sami aiki a Kafanchan, ko ta tafi ta bar tsohuwa.

A tsakiyar shekarun casa'in ne muka ji wani Alhaji mai sayen citta ya kawo kwamfuta daga Legas. Babban ɗan kasuwa ne, motocinsa na kwaso busasshiyar citta daga ƙauyuka, ya tara a sito, ya tura kudu. Aka ce yana neman wanda zai riƙe masa na'urar.

A rumfata akwai benci, kuma bencin yana da masu shi. Ɗaya wani ne da muke kira Baba, tsohon ma'aikacin sigina na reluwe, mutumin Kagoro, dattijo a majami'arsu. Yana zuwa ya ji labarai kyauta a duk rediyon da nake gwadawa. Ɗayan kuma Ticha, mai koyar da lissafi a sakandare, wanda bidiyonsa ba ya mako biyu lafiya. Ashe Ticha ma yana da nasa ɗan takara, ƙanin matarsa, wanda ya gama bautar ƙasa yana zaune.

"Oga, ba raini ba," in ji Ticha, "amma difloma ta 'yan watanni ba karatu ba ne. Buga tafireta ne, an ajiye talabijin a gaba."

Na ce, "Shi surukin naka me ya karanta?"

"Kemistiri. Digiri, ba wasa ba."

"To Alhaji sabulu zai haɗa?"

"Ba ka gane ba. Wanda ya yi digiri kansa ya buɗe. Ka ba shi kwamfuta yau, mako mai zuwa ya wuce wanda ya shekara a kanta."

"Ya taɓa sa hannu a kanta?"

"Ya gan ta a jami'a."

Baba ya gyara zama ya ce, "Ni ma na ga jirgin sama da yawa, Ticha, amma ba wanda ya ce in zo in tuƙa."

Ticha bai ji daɗi ba. Ya jira har Auta ta kawo mini abincin rana, ya tare ta da tambaya, wai a makarantarsu kowa na da kwamfutarsa? Ita kuma ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce a'a, ɗalibai sun fi na'urori yawa nesa ba kusa ba, yawancin furogiram a allo suke rubutawa, wani yare da ake kira Besik, sai layi ya zo kanka ka shigar ka ga ko zai yi, in masu wuta ba su ɗauke ba. Ticha ya dube ni yana murmushi kamar ya ci shari'a. Na ce masa ni ma a kan matattun rediyo na koya, kuma ga shi bidiyonsa wurina yake kwana, ba wurin mai digiri ba.

Na je na gaida Alhaji, na yi masa maganar Auta. Ya ce in zo da ita.

Ofishinsa a saman sito yake. Tun daga matakala yajin citta ke shiga hanci, muka hau muna atishawa. A ƙofa aka ce mu cire takalma, wai wanda ya sayar da kwamfutar ya ce ƙura na kashe ta. Ga ta can a kusurwa, an lulluɓe ta da farin leshi, ba wanda ya taɓa kunna ta. Auta ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa takardarta. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya duba hatimin, ya ce madalla, ya ajiye. Daga nan ya jawo aljihun tebur ya fito da wata waya baƙa, mai nauyi kamar rabin bulo, da eriya a ka. Irin wadda ake cewa not-nain-not, ta manyan mutane. Ranar na fara ganinta ido da ido.

"'Yata," in ji shi, "wannan a Legas ina cikin mota nake magana da ita. A Abuja ma haka. Da na shigo ƙasarmu sai ta yi gum. Wanda ya sayar mini ya ce akwai furogiram a cikinta, da kwamfuta aka sa mata lambata a gabana. To ke da kika karanta furogiram, ki gaya mata Kafanchan take yanzu. Ran da ta yi ƙara a kan teburin nan, kujerar can taki ce."

Na ga ta buɗe baki. Na san abin da zai fito, domin na san ƙanwata. Na taka mata yatsa da ƙafata, na ce, "Ranka ya daɗe, a ba mu ita mu duba."

Ya naɗe ta a tawul ya ba ni, ya ce in ta faɗi in nemi garin da zan koma.

Muna isa rumfa ta fara. "Yaya, me ya sa ka karɓa? Wannan ba aikina ba ne."

"Ba furogiram ba ne?"

"Furogiram ne, amma ba irin nawa ba. Ni abin da na iya, in rubuta wa kwamfuta yadda za ta riƙe masa buhu nawa ya shigo, daga wane ƙauye, nawa ya fita. Na cikin wayar nan tun a masana'anta aka ƙona shi a cikin ayisi. Ka san kaset ɗin da aka ɓalle masa ɗan harshen nan na ƙasa, don kada a ɗauki wani abu a kansa? To haka yake."

Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Takarda muke cusawa a ramin, mu ɗauki abin da muke so."

Baba ya yi dariya har da tari. Ita ma ta yi, amma ta ce, "Wannan ba shi da ramin da za ka cusa takarda. Sai da na'urar kamfanin. Kuma ko an ba ni na'urar, ba can matsalar take ba. Lafiyarta lau. Ba ta da wanda za ta yi magana da shi ne a nan."

"Yarinya ya faɗi gaskiya," in ji Baba. Haka Hausarsa take, kowa "ya" ne a wurinsa. "Wayan reluwe ma, in babu tasha a gaba, ka yi ta juya hannu har Yesu ya dawo, ba wanda zai ɗauka. Wannan yana neman dogon ƙarfe ne, irin wanda suka kafa a Abuja."

Ticha, wanda ya zo daidai lokacin, ya ce shi bai yarda ba. Duk abin da mutum ya rubuta, mutum zai iya sake rubutawa, kuma da a jami'a ta yi karatu da an koya mata yaren da injin kansa ke ji, ba yaren yara ba. Auta ta tambaye shi sunan yaren. Ya ce ba fanninsa ba ne.

Ni kuma ina da tawa fahimtar, kuma ban ga dalilin jin kunyarta ba. Duk abin da ke kama magana daga iska, rediyo ne. Ko a sa masa suna waya, ko a sa masa furogiram, rediyo ne. Kuma na san abin da ake yi wa rediyon da ba ya kamawa. Rabin eriyoyin talabijin da ke kan rufin Kafanchan ni na ɗaura su a kan gora, na juya su har suka kamo Jos. Abin da ya kamo Jos me zai hana shi kamo Abuja?

Ban kwance ko sukuru ɗaya ba. A sana'armu wanda ya buɗe kaya shi ake ɗora wa duk abin da ya same shi, ko da a mace aka kawo, kuma wannan wayar ta fi ƙarfin rumfata da abin da ke cikinta. Waya ta jan ƙarfe kawai na naɗa a jikin eriyarta, na haɗa da babbar eriyar talabijin, na ɗaga a gora mafi tsawo da na samu. Shiru. Wata 'yar jar fitila ce kawai ke ƙiftawa.

Na ce tsayi ne bai isa ba. Wata Asabar da safe muka ɗauki acaba zuwa dutsen Kagoro, ni da Auta da Baba, gora a kafaɗata tana kaɗa mutane a hanya. Baba ya tsaya a ƙasa wajen danginsa, ya ce gwiwarsa ta gama hawa dutse tun zamanin Turawa, ya haɗa mu da wani ƙanensa mafarauci ya nuna mana hanya. Mun hau. Ni da ban saba ba, numfashi ya kusa barina. A sama akwai masu gonaki, suka bar aiki suka kewaye mu. Na kafa gora a tsagin dutse, na juya gabas, na juya yamma, na juya inda mafarauci ya ce nan ne Abuja. Auta tana riƙe da waya a cikin tawul kamar jaririya.

"Yaya, ja ce."

"Yanzu fa?"

"Ja ce."

Wata tsohuwa mai kwando a kafaɗa ta tambayi mafarauci da yarensu me muke nema. Ya gaya mata. Ta yi magana, kowa ya fashe da dariya. Na ce me ta ce? Ya ce wai in saƙo ne zuwa Abuja, ɗanta direba ne, gobe zai tafi.

Muka sauko. Ban yi musu ba, ni ba na jayayya da abin da na gwada da hannuna. Na ce wa Auta ita da Baba sun yi daidai, wayar nan ba za ta yi magana a Kafanchan ba. Amma wannan bai dame ni ba ko kaɗan, domin tun farko ba wayar nake so ta yi aiki ba. Ƙanwata nake so ta yi aiki.

Ranar Litinin na zaunar da ita a rumfa na gaya mata yadda za a yi. Baba yana nan, Ticha ma yana nan.

Bari in yi bayanin yadda muke aiki, don wanda bai sani ba. Mai gyara ba ya ce wa mai kaya ba zai iya ba. Ogana bai taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa ba. In abu ya gagare ka, sai ka ce akwai wani ɗan ƙarfe da ya ƙone, babu shi a nan, an aika Onitsha ko Legas. Ka ɗora kayan a kanta. Mai shi ya zo, ka ce yana hanya. Ya sake zuwa, ka ce wanda aka kawo bai yi daidai ba, an mayar. A cikin wannan jira abubuwa da yawa na faruwa. Wani lokaci a kawo maka mataccen rediyo irinsa, ka ciro abin da kake nema. Wani lokaci dabara ta zo maka kana cin tuwo. Wani lokaci mai shi ya sayi sabo ya manta. Ba wanda ya ji kunya, ba wanda aka ce wa kayansa gawa ne. Amma ran da ka ce "ban iya ba", kafin la'asar duk kasuwa ta ji, kuma ba za a ce abu kaza ne bai iya ba, cewa za a yi bai iya aiki ba.

Na ce mata, "Za ki je ki ce kin duba, kin gano matsalar. Akwai ayisin da aka yi don ƙasar Legas, sai an kawo na Arewa. Kin aika. Kafin ya iso, bari ki fara share masa kwamfutar kada ta lalace a zaune. Shi ke nan. Kin shiga. Kakar citta na zuwa, motoci za su fara sauke kaya, ya ga kina danna abu ɗaya kina gaya masa buhunan da ke sito bai sauka ƙasa ba. Wa zai sake tuna wata waya?"

Ta girgiza kai. Sannan ta ce, "Ba zan iya ba, Yaya."

"Ga shi kin fara. Kalmar da na ce kada ki faɗa ke nan."

"Kai mai rediyo yana tafiya gida ya bar ka. Ni a ɗaki ɗaya zan zauna da shi kullum, wayar tana cikin aljihun tebur. Duk safiya ya ce 'yata, kayan sun iso? In ce suna hanya. Har yaushe?"

"Har ya gaji. Suna gajiya, na fi ki sanin mutane."

"Kuma ran da ya gane fa? Aikin nan gaba ɗaya yarda ne. Shi ba ya iya karanta abin da ke kan gilashin. In na ce masa ga abin da ke sito, maganata kawai zai ɗauka. In na fara da ƙarya, me zai sa ya yarda da sauran?"

Na ce, "Wace ƙarya? Wata rana ai gwamnati za ta kafa ƙarfen nan a Kafanchan. Kayan da ake jira ke nan. Suna hanya."

Baba ya ce, "Injiniya, kai da ka zama lauya."

Na ce masa ya bar wasa, maganar tsohuwa ake yi. Na juya wurinta na ce, "Ke, dube ni. In kin rasa aikin nan Kaduna za ki. Wa zai zauna da Inna? Gaskiyar taki ce za ta ɗebo mata ruwa?"

Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta sauya ba. Ta ce za ta gaya masa yadda abin yake, ta roƙe shi ya bar ta ta buɗe kwamfutar ta nuna masa abin da ta iya. Wai mutum mai hankali ne, ɗan kasuwa, zai gane. Na ce ɗan kasuwa ne, shi ya sa ba zai gane ba. Shi abu biyu ya sani, kaya sun iso ko suna hanya. Ticha yana kan benci duk tsawon maganar nan, yana ta juya kaset a hannu. Har wurin Inna na kai ƙarar Auta. Ta ce ita ba ta san waya ba, ba ta san kwamfuta ba, amma ba za ta sa 'yarta ta faɗi abin da ba ta so ba. Ta faɗi haka ne tana shafa gwiwa.

Na raka Auta ofishin Alhaji. Muka cire takalma, muka gaisa, na ajiye wayar a tawul ɗinta. Auta ta yi bayani tiryan-tiryan, da ladabi, har da misalin tashar reluwe na Baban bencina. Wallahi ko ni na ƙaru. Alhaji ya saurara yana jan carbi.

"Kin gama, 'yata?"

"Na gama, Baba."

"Wato ba ki iya ba."

"Ba wanda zai iya, Baba. Ko wanda ya ƙera ta aka kawo nan."

"Ba wanda zai iya, ko ke ce ba a koya miki ba?"

"Duka biyun. Ba a koya mini ba, kuma ko an koya mini ba zai yi ba. Amma in ka yarda in buɗe waccan, yanzu zan nuna maka aikin da na iya."

Ya waiga ya dubi leshin, ya dawo da kallonsa kanta. Na san abin da ke ransa kamar ni na rubuta. Ƙaramar ta gagare ta, ita ce zai ba babbar? Ya ce a bari tukuna, yau akwai baƙi. Ya mayar da wayar aljihun tebur, ya sa mata albarka, ya ce ta gaida Inna da jiki. A matakala atishawa kawai muka yi.

Ba a yi nisa ba direban Alhaji ya kawo mini rediyon mota, shi ya ba ni labari. Surukin Ticha ya je. An ba shi wayar, ya juya ta, ya cire batir ya leƙa, ya mayar, ya yi shiru kamar likita. Sannan ya ce ya gano matsalar. Akwai ayisin da aka yi don ƙasar Legas, sai an kawo na Arewa, zai aika. Kafin ya iso, bari ya fara kula da kwamfutar kada ta lalace a zaune. Alhaji ya ce ka ji mai digiri. Washegari ya fara aiki.

Na ajiye ƙarfen dalma na ce direba ya maimaita. Ya maimaita. Ko kalma ɗaya ba a canza ba.

Da Ticha ya zo na bar shi ya zauna tukuna. Na ce, "Ticha, a wace jami'a ake koyar da ayisin Arewa?"

Ya yi 'yar dariya. "Haba Oga. Ai ba ka ce sirri ba ne. Ku kun ce ba kwa so. In bar shi ya lalace?"

"A bencina ka ɗauka."

"Yaron nan shi ma zaman gida yake. A ɗakina yake kwana, Oga, ni da 'ya'yana muna falo."

Baba ya ce, "Ubangiji dai yana gani," ya ƙara muryar rediyo.

Ban kore shi ba. Ba na korar mutum daga benci. Bidiyonsa dai da ya sake kawowa, na ce masa wani ɗan ƙarfe ne ya ƙone, an aika Onitsha. Ya dube ni, na dube shi. Bai sake tambaya ba.

Kada in zalunci surukin nasa. Ya koyi na'urar a hankali, da littafi da tambaya, ya ɓata abin da ya ɓata, daga baya ya riƙe ofishin sosai. Ban ce bai da kai ba. Abin da na ce, kuma har yau nake cewa, ba digiri ne ya ba shi kujerar ba, ba kuma difloma ce ta hana Auta ba. Duk gardamar da muka yi a bencin nan, wa ya fi wa karatu, wane furogiram ne na gaske, wanda zai ba da aikin bai san bambancin ko ɗaya ba. Shi dai kada a ce masa abin da ya sayo daga Legas ba shi da amfani a garinsu.

Auta ta ƙara 'yan makonni, sannan ta aika wa Gwaggo cewa tana zuwa. Inna ba ta hana ta ba. Ta soya mata gyaɗa, ta ƙulla mata yaji, ta juya fuska bango ranar tafiyar ta ce barci take ji.

Ni na ɗauki jakarta zuwa tashar mota da safe. Na sama mata kujerar taga, na gaya wa direba inda zai sauke ta. Muna jiran mota ta cika, ita a ciki, ni a waje. Can ta leƙo.

"Yaya, har yanzu kana ganin da na bi taka?"

"Har gobe."

"Ni ma har gobe ba zan bi ba."

"Na sani. Kan babanmu ne da ke, ba ki ma san shi ba."

Ta yi dariya, ta share ido da bakin mayafi. Ta ce maganin gwiwar yana kan taga, safe da yamma, kuma sai an ɗan ɗumama shi, in ba haka ba Inna ba ta yarda. Na ce na ji. Ta ce kada in bar ta ta ɗaga bokiti. Na ce na ji mana. Kwandasta ya buga jikin mota, suka fita.

Ban buɗe rumfa ba ranar. Na wuce gida na ce wa matata ta share ɗakin da ke kusa da namu, sannan na tafi in gaya wa Inna ta fara haɗa kayanta.